Kanta Sarkin Kabi Da Maganar Rabon Ganima

Jama'a, da wuya yaro ya gama makarantar firamare a ƙasashen nan namu bai ji sunan Kanta Sarkin Kabi ba. Makaɗa suna ambatonsa, malaman tarihi suna ambatonsa, har gidan ajiye kayan tarihi na Argungu ma da sunansa ake kiransa. Mu kuwa mutanen bakin Kwara, watau na Yawuri da Ngaski da Shanga, muna da wata tsohuwar hulɗa da shi wadda ba a cika faɗinta ba, gama ƙasarmu tana cikin ƙasashen da ya ci da yaƙi, ya sa suna kai masa gaisuwa. Saboda haka in an ce a yabi Kanta, ya kamata mu dakata tukuna mu auna maganar. Abin da muke so mu sa a gaban masu karatu shi ne wannan: mutumin da ya ƙi yarda a danne masa hakkinsa, ya yi yaƙi har ya kuɓuta, sa'an nan ya juya ya danne na waɗansu, wane suna ya cancanta a kira shi da shi? Kada wani ya ce wannan zancen matattu ne. Duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin wani, kana Allah ya ɗora shi bisa wani, da shi ake.

Bari mu fara da asalinsa, yadda magabata suka bar mana. Sun ce ubansa ya zauna a Kuyambana, cikin ƙasar Katsina, uwarsa kuwa 'yar gidan sarautar Katsina ce. Yaron ya tashi cikin makiyaya, ya yi ƙarfi ƙwarai, har ba mai iya ja da shi a fagen dambe ko na kokawa. Da ubansa ya rasu aka ba wani sarautar gidan, aka tsallake shi, sai ya tattara samarin da ke binsa ya nufi yamma, ya bi ta Gobir da Zamfara, har ya zauna a fadamun Gulbin Kabi, inda aka san shi da sarautar Leka. Ku lura da wannan tun daga farko, domin za mu komo kansa: abin da ya fitar da Kanta daga gida shi ne ganin an hana shi abin da yake tsammani nasa ne.

A zamanin nan babu daula a Sudan ta yamma kamar Songai. Askiya Muhammadu ya hau gadonta a 1493, ya yi hajji, ya komo da girma mai yawa, ikonsa ya kama daga Tambutu da Gawo har Dandi, nan arewa da mu a bakin Kwara. A Kano Muhammadu Kisoki ke sarauta. Can ƙetaren teku kuwa lokacin Sarki Henry na 8 ne a Ingila, kafin Kanta ya tsufa kuma Sarkin Musulmin Turkawa Sulaimanu ya hau gado a Istambul a 1520. Zamani ne na manyan sarakuna masu takobi, ƙananan sarakuna kuwa kowa ya nemi inuwar da zai fake. Kanta ya fake a inuwar Askiya, ya zama ɗaya daga cikin masu kai masa gudummawar yaƙi.

Labarin yadda suka ɓata yana cikin littafin nan Tarikhus Sudan, wanda Abdurrahman Assa'adi mutumin Tambutu ya rubuta a tsakiyar ƙarni na 17. Wajen 1515 Askiya ya kai wa Sarkin Agadas yaƙi, Kanta da mutanensa suna cikin rundunar. Aka ci nasara, aka kwaso ganima, aka juyo gida. Kanta ya zuba ido a aiko masa da rabonsa, shiru. Ya tuntuɓi Dandi-fari, watau babban hakimin Askiya na Dandi, shi kuwa ya tsorata shi, ya nuna masa wanda duk ya tambayi rabo za a ɗauke shi ɗan tawaye. Kanta ya yi shiru. Amma jarumawansa suka zo suka tsare shi da tambaya, ina rabonsu? Aka sake nema, aka sake hanawa, daga nan sai takobi. Kanta ya fita daga biyayyar Songai, da Askiya ya kawo masa yaƙi a 1517 kuwa bai sami komai ba, ya koma.

To, a nan ba mu da wata shakka, Kanta ke da gaskiya. Mutum ya bar gidansa, ya ratsa ƙasar ƙaya da ƙishirwa har Asbin, ya tsaya gaban mashi, waɗansu abokansa sun faɗi ba su komo ba, sa'an nan a ce ko tambayar ladansa laifi ne? Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hana rabon ma da sauƙi a kan hana tambaya, gama wanda ya hana ka haƙƙinka ya cuce ka sau ɗaya, wanda kuwa ya ce ba ka da bakin tambaya ya mai da kai jaki, abin da ake ɗora wa kaya ba a shawarce shi ba. Akwai kuma wani abu da ya kamata a gani. Shi Kanta da farko ya so ya haɗiye, mabiyansa ne suka ƙi. Ashe ranar nan ya koyi abu biyu: zafin a raina na ƙasa, da kuma cewa shugaban da bai tsaya wa rabon mutanensa ba ba zai daɗe yana shugaba ba.

Bayan wannan Allah ya ba shi sa'a irin wadda ba a cika ba mutum ɗaya ba. Wani Askiya, Muhammadu Bunkan, wanda ya yi sarauta daga 1531 zuwa 1537, ya sake gwada Kabi, aka kore shi mummunar kora a wani wuri da ake kira Wantarmasa. Daga gabas kuma Sarkin Barno ya taso da runduna ya kewaye Surame, babban birnin Kanta. Tsofaffi sun ce da mutanen birni suka ƙaranta, sai Kanta ya sa aka jera gawawwaki bisa ganuwa da bakuna a hannu, aka tsaga musu leɓuna, har wanda ya hango daga nesa ya zaci mayaƙa ne ke yi masa dariya. Wai daga nan aka sami maganar nan ta dariya ba loto. Barebari suka janye, Kanta ya bi su har Nguru, ya gwabza da su, ya rinjaye su, kamar yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a cikin Infakul Maisuri. Kun ga mutum ɗaya ya tsaya tsakanin manyan dauloli biyu, ya hana kowaccensu ta haɗiye ƙasar da ke tsakani. Wannan aiki ne babba, wanda duk ya ƙi faɗinsa ya yi rowar gaskiya.

Amma mu juya mu dubi bayan tabarmar. Kanta ya gina birane uku masu ganuwa, Surame da Gungu da Leka, har yau kuwa kangon Surame yana nan arewa maso yamma da Sakkwato, da ganuwarsa ta duwatsu, mai ba duk wanda ya gani mamaki. Wa ya ɗauko duwatsun? Mutanen ƙasashen da ya ci. An ce ya tilasta wa Asbinawa su riƙa ɗauko ruwa bisa raƙuma tun daga wani tafki na ƙasarsu, su kawo Surame, alhali ga gulbi nan kusa da birnin, su kuma kawo rairayin da za a zuba wa dokinsa a turke. An ce Nufawa sun makara ga zuwa aikin ganuwa, sai ya ce sashensu ba za a kwaɓa ƙasarsa da ruwa ba, sai da man kaɗanya. An ce kuma yana da wani jirgi da aka lulluɓe da tagulla, mutum 50 ke tuƙa shi, wanda yake shiga in gulbi ya kawo. Ko da a ce bakin mutane ya ƙara wa labaran nan gishiri, ku duba irin abin da jama'a suka zaɓa su tuna da shi. Sun tuna da sarki mai sa mutum wahalar da ba ta da amfani, don dai mutumin ya san a ƙarƙashi yake.

Ƙasarmu ta Yawuri ta shiga hannunsa wajen tsakiyar ƙarni na 16, ta kuwa zauna tana bin Kabi har wajen tsakiyar ƙarni na 18, watau kusan shekara 200. Mu yi tunanin abin da gaisuwa take nufi ga talaka. A bakin fada kalma ce mai daɗi, sai ka ce kyauta ce aboki ya aika wa aboki. Amma gaisuwar zamanin nan bayi ce da dawaki da tufafi da hatsi, sarki kuwa ba ya noma, ba ya saƙa, ba ya su. In babban sarki ya ce a kawo, ƙaramin sarki zai juya ga hakimansa, hakimai su juya ga masu gari, masu gari su juya ga mai fartanya da mai koma. Kowane hannu abin ya bi sai ya ƙara nauyi, domin kowa yana so ya rage nasa. Ta haka abin da aka ambata da baki ɗaya a Surame yakan zama rumbun da aka buɗe a tudun Kambari, ko jirgin kifin da aka juye a gungun Kwara, ko ɗan da aka kama a gona ba a sake ganinsa ba. Waɗannan mutane su ma sun yi wahala, an kuwa kwashe amfaninta, ba su kuma da bakin tambaya. Ina bambancinsu da Kanta ranar da ya komo daga Agadas?

Masu kāre Kanta suna da hanzari uku, ya kuwa kamata a saurare su da kunnen adalci. Na fari, sukan ce kada a auna mutumin dā da mudun yau, haka zamaninsa yake, kowa ya sami ƙarfi sai ya ci na kusa da shi. Gaskiya ne haka zamanin yake. Amma mudun da muke aunawa da shi ba na yau ba ne. Tun kafin Kanta ya yi suna, Shaihu Magili ya zauna a Kano ya rubuta wa Muhammadu Rumfa nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarki, ya kuma je Gawo ya amsa tambayoyin shi wannan Askiya Muhammadu a kan mulki da dukiyar talakawa. Ashe maganar adalcin sarki ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sudan a lokacin. Ban da wannan ma, ai ba mu bukatar mudun kowa sai na Kanta kansa. Shi ne ya tsai da hukunci cewa wanda ya yi wahala yana da rabo, wanda aka hana kuwa yana da ikon ya ƙi. Da mudun da ya auna wa Askiya muke auna masa.

Hanzari na biyu ya fi na farko nauyi. Sukan ce in ba ganuwa da Songai da Barno sun tattake ƙasar, ganuwa kuwa ba ta ginuwa sai da hannuwa da yawa, hannuwa da yawa kuwa ba sa taruwa sai da tilas. Mun yarda da rabin wannan. Babu mulkin da zai tsaya ba haraji, ba aikin gayya, birnin da ba shi da ganuwa a zamanin nan kuwa kamar akurki ne ba murfi. Da a ce abin da Kanta ya nema ya tsaya ga duwatsu da hannuwa, da sai mu ce larura ce, larura kuwa tana da hukuncinta. Amma ruwan Asbin bai fi ruwan Gulbin Kabi ƙarfafa gini ba, doki kuma ba ya bambanta rairayin wata ƙasa da na wata. A nan ne iyaka take tsakanin abin da mulki ke bukata da abin da zuciyar mai mulki ke sha'awa. Talaka yakan ɗauki kaya mai nauyi ya yi haƙuri in ya ga dalilinsa. Kayan da aka ɗora masa don a wulakanta shi kuwa, ko bai kai nauyin tulu ba, ba ya mantawa, yakan ma bar wa jikokinsa wasiyyarsa.

Hanzari na uku shi ne, ai waɗanda suka bi Kabi su ma sun amfana. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Hanyar fatake ta zuwa Gwanja neman goro tana ƙetare Kwara ta wajenmu, ciniki kuwa ba ya son hanya mai tsoro. In akwai sarki ɗaya mai ƙarfi wanda 'yan fashi ke shakka, ayari zai wuce lafiya, masu fito su sami kuɗin fito, kasuwa ta cika. Amma amfanin da ya zubo wa mutum ba da nufi ba, kamar hatsin da ya zube daga mangala ne kaji suka tsattsaga, ba a ce mai jaki ya ciyad da kaji. Rabo shi ne abin da aka san naka ne, aka ba ka don naka ne, in an hana ka kuma kana da wurin kai ƙara. Ai Askiya ma da an tambaye shi, da ya ce Kanta ya amfana da inuwar Songai. Kanta bai karɓi wannan hanzari ba, don me za a ce mu mu karɓa?

To, me ke sa mutum ya ɗanɗani zalunci, ya san ɗacinsa, sa'an nan ya ɗura wa wani? Mu a ganinmu ƙin zalunci iri biyu ne. Akwai mai ƙinsa don shi aka yi wa, akwai kuma mai ƙinsa don abin ƙi ne ko wa aka yi wa. Ranar da suke ƙarƙashi ba ka iya bambanta su, bakinsu ɗaya, kukansu ɗaya, kai wani lokaci ma na farkon ya fi ɗaga murya. Ba a gane su sai ranar da suka hau. Na farko da ya hau sai ya ga ashe abin da ya dame shi dā ba bulalar ba ce, wurin da ya tsaya ne sa'ad da ake bugu. Wannan ciwo ba na Baƙar Fata kaɗai ba ne. A 1776 mutanen Amurka suka fita daga mulkin Sarkin Ingila, suna cewa ba daidai ba ne a karɓi harajin mutum ba a shawarce shi ba, alhali da yawa cikin shugabanninsu suna da bayi a gonakinsu, ba a kuwa hana bauta a ƙasar duka ba sai 1865. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Ƙarshen Kanta ya zo ta hannun irin mutanen da ba a lissafa su. Songai ba ta kashe shi ba, Barno ba ta kashe shi ba. Yana komowa daga yaƙin Barno ne ya biyo ta Dugul cikin ƙasar Katsina, ya tarad da waɗansu da suka ƙi binsa, a nan kibiya ta same shi, ya rasu a hanya. An ce mutanensa sun ƙyafe gawarsa don kada ta lalace, suka kai ta Surame, suka kuma yi kaburbura da yawa don kada maƙiya su san inda yake. Zuriyarsa ta riƙe ƙarfin gidan fiye da shekara 100, har ta ga faɗuwar Songai a hannun mutanen Maroko a 1591. Amma bashin da aka ci sai da aka biya. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya zo da jikokin masu ɗaukar ruwan nan ya karɓe Adar daga hannun Kabi. Gobir da Zamfara suka tayar, Kabawa suka bar Surame wajen farkon ƙarni na 18 suka gina Birnin Kabi, Yawuri ma daga baya ta zame. Ƙasashen da tsoro ya ɗaure, ranar da tsoron ya kwance ba abin da ya saura da zai riƙe su.

Kada fa mu mutanen Yawuri mu karanta wannan mu yi ta murna, mu ce mu ne aka zalunta, hannunmu fari. Mu dubi namu gidan. Sarkin Yawuri Albishir, wanda aka fi sani da Muhammadu Ɗan Ayi, shi ke kan gado sa'ad da jihadin Shehu Usmanu ya tashi a 1804. Birnin Kabi ya faɗi a 1805. Ɗan Ayi ya auna ƙarfinsa, ya ga abin da ya sami sarakunan Hausa da suka tsaya, sai wajen 1810 ya nemi amana da Gwandu, ya yarda ya riƙa kai gaisuwa, aka bar masa ƙasarsa da gidan sarautarsa. Waɗansu za su ce da Kanta ne da bai yi haka ba. Watakila. Amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, sarkin da ya sunkuyar da kansa don kada a sare na talakawansa kuwa bai yi abin kunya ba. Ta wajen na sama, Ɗan Ayi ya yi dabara. Abin tambaya shi ne yadda fadar Yawuri take ta wajen na ƙasa.

Akwai labari biyu da Turawa masu yawon bincike suka bari. Na farko na Mungo Park ne, wanda ya biyo Kwara cikin jirginsa ya iso Yawuri a farkon 1806. Tafintansa Amadi Fatuma ya ba da labari cewa Park ya damƙa wa wani mai gari na bakin ruwa kyautar da za a kai wa sarki. Mai garin ya tambaya ko Turawan za su komo, da ya ji ba za su komo ba sai ya riƙe kayan, ya sa aka gaya wa sarki baƙin sun wuce ba su ba da komai ba. Sarki ya husata, ya tura mayaƙa, Park da mutanensa suka halaka a duwatsun Busa. Mutanen Busa suna da tasu ruwayar, cewa an zaci mahara ne. In ta Amadi ce daidai, kun ga rabon da aka danne a tsakani ya ci rayuka. Akan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma wa ya naɗa bafaden, wa kuma ya saurare shi bai bincika ba?

Na biyu na 'yan'uwan nan biyu ne, Richard da John Lander, waɗanda suka sauka a Birnin Yawuri a 1830 suka yi makonni. Sun yi mamakin girman ganuwar birnin. Amma sun kuma rubuta irin wahalar da Kambari ke sha, ta nauyin haraji da kamun 'ya'yansu ana sayarwa. Kun ga fadar da ta yi shekara 200 tana jin nauyin Kabi, tana kuma kai gaisuwa Gwandu, ita ma tana da nata Asbinawa masu ɗaukar ruwa. Ba a daɗe ba rikicin gado ya raba gidan a 1844, Umaru Nagwamatse na Kwantagora ya sami ƙofa ya cinye sashe mai yawa na ƙasar, sarakuna suka koma zaman gungu, sai a 1888 Sarki Abarshi ya kafa fada a Yelwa. Ganuwa mai faɗi ba ta tsare garin da mutanen ƙauyukansa ba su ga dalilin mutuwa dominsa ba.

Yanzu babu mai gina Surame, babu mai kai bayi gaisuwa, amma ganima tana nan ana rabonta kullum. Mai jirgi da koma wanda ya fita tafki da yaransa tun asuba, in an komo gaɓa shi ke rabo. Ya tuna da shekarun da yake yaron wani, ana jefa masa ƙananan kifi? Akawun da ya sha zaman jira a ƙofar ofis kafin ya sami aiki, yaya yake yi da tsohon da ya zo daga ƙauye da takarda a hannu? Uwar miji da ta sha wuya tana amarya, me take yi wa matar ɗanta? Ɗan makarantar kwana da manya suka sa shi ɗebo ruwa yana aji ɗaya, in ya kai aji shida sai ka ji yana cewa ai mu ma haka aka yi mana. Mu malaman makaranta ma maganar ba ta tsallake mu ba, gama alli da bulala ƙaramar sarauta ce. Wannan kalma, mu ma haka aka yi mana, ita ce man kaɗanyar da ake kwaɓa kowace ganuwar zalunci da shi. Wanda aka yi wa ai shi ya fi kowa sanin zafin, saboda haka shi ya fi kowa rashin hanzari.

Haka kuma al'amarin yake ga ayyukan ƙasa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya rufe gungaye da fadamu da tsohuwar Busa da duwatsun da Park ya halaka a cikinsu, aka ta da mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni, Gungawa da Kambari da yawa a cikinsu. Wutar lantarkin da ruwan ke bayarwa ta haskaka birane masu nisa, ƙasa duka ta amfana, ba mai musun wannan. Irin wannan aiki ganuwar zamaninmu ne, yana da dalilinsa. Sai dai duk sa'ad da za a yi babban aiki irinsa, a tuna da tambayar jarumawan Kanta, ina rabon waɗanda suka ba da gonakinsu da kaburburan iyayensu? A kuma bar su su yi tambayar, kada a sami wani Dandi-fari da zai ce tambaya tawaye ce.

To, wane suna za mu ba Kanta? Jarumi ne, wannan ba gardama. Mai hikimar yaƙi da gini ne, kangon Surame shaida ne. Ya tsare yammacin ƙasar Hausa daga dauloli biyu, muna kuwa cikin masu cin moriyar wannan. Amma ba za mu kira shi adali ba, domin adali shi ne wanda mudunsa na saye da na sayarwa ɗaya ne. Shawararmu ga 'yan'uwanmu malamai ita ce, in za a koya wa yara labarinsa a koya musu shi duka. A gaya musu ranar Agadas, don su san mutum ba ya barin hakkinsa saboda tsoro. A gaya musu ruwan Asbin da kibiyar Dugul, don su san abin da ke jiran wanda ya manta. Sa'an nan a gaya musu na Birnin Yawuri, don kada su zaci zalunci halin mutanen wata ƙasa ne. Yaran nan da ke zaune a gabanmu, cikinsu akwai hakimai da alƙalai da masu jiragen gobe, kowannensu kuwa wata rana ganima za ta zo hannunsa, waɗansu su tsaya suna kallonsa. Allah ya sa ranar nan su tuna, ya ba shugabanninmu tausayin na ƙasa, ya ba mu ikon yin adalci ko a kan kanmu. Amin.